Bayan An Miƙa Takardar Gwaji, Wa Ke Zama da Mutum?

A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano. Saurayi da budurwa, bazawari da bazawara, kowa sai an ɗebi jininsa an duba ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere da rukunin jinin da ke haifar da sikila kafin a shafa fatiha. Hisba ta riga kowa a wannan, domin tun auren zawarawa na 2012 take tura angwaye da amare asibiti kafin ta aurar da su. Ina goyon bayan dokar, kuma ban ga dalilin da zai sa uwa ko uba su ƙi ta ba. Damuwata tana kan abin da ke biyo bayan gwajin. Wanda ya tilasta wa mutum jin labarin da zai girgiza rayuwarsa ya ɗauki nauyin zama da shi bayan ya ji, kuma wannan nauyin har yau ba mu sauke shi yadda ya kamata ba.

Na taɓa raka 'yar wata ƙawata, bazawara mai ɗa ɗaya, wani asibiti a cikin birni. An riga an sa rana, an kawo lefe, mahaifinta har ya ba kafinta kuɗin gado. Ta roƙa a bar ni in shiga tare da ita. Gwajin ƙanjamau ba ya cin lokaci: a huda yatsa, a ɗiga jini a kan wata siririyar takarda, a ɗan jira. Da layi biyu ya fito, alamar akwai cutar, sai aka sake da wani iri daban don a tabbatar. Labule ne kawai ya raba ɗakin da baranda, inda mata ke zaune a benci suna jiran a kira su, kuma duk abin da aka faɗa a ciki yana fita. Ma'aikaciyar ta sassauta murya iyakar iyawarta ta ce, "Ki yi haƙuri 'yar'uwa, ba ke kaɗai ba ce, akwai magani kuma kyauta ne. Ki je ki buɗe kati yau ɗin nan a fara ba ki." Yarinyar ba ta yi kuka ba. Tana ta naɗe bakin hijabinta a yatsa tana warwarewa. Can ta juyo ta ce min, "Anti, yanzu me zan ce wa Baba?"

Ba ta tambayi sunan magani ba, ba ta ma tambayi ko za ta mutu ba. Ma'aikaciyar kuwa ba ta da laifi, benci cike yake kuma ita kaɗai ce. Amma tambayar nan ita ce ciwon yarinyar a ranar, kuma babu wanda aikinsa ne ya zauna ya taya ta neman amsarta.

Ta fuskar magani an yi nisa ƙwarai. A 1986 aka fara ba da rahoton cutar a Najeriya, aka shafe shekaru mutane na ramewa suna mutuwa a ɗaki ana cewa sammu ne. Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ba da maganin da ke danne ƙwayar cutar a 2002, ya zama kyauta a 2006, sannan daga 2016 aka daina jiran garkuwar jiki ta faɗi kafin a fara ba mutum. Yau yawancin masu cutar ƙwaya ɗaya suke sha a rana. Wanda ya riƙe ta ba fashi, galibi cikin wata 6 ƙwayar cutar kan ragu a jininsa har na'ura ta kasa ganin ta, kuma manyan bincike da aka yi a kan ma'aurata sun tabbatar cewa wanda ya kai wannan matsayi ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar auratayya. Mai ciki da ke shan magani tana iya haihuwar lafiyayyen ɗa: haɗarin da kan kai kashi 15 zuwa 45 cikin 100 idan babu magani yana sauka ƙasa da kashi 5. Ana ba da wannan magani a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da Asibitin Zana da wasu da dama a cikin gari da ƙananan hukumomi.

Sai dai wanda aka faɗa wa yau bai san wannan ba. Abin da ke kansa shi ne hoton ƙwarangwal da aka riƙa liƙawa a bango shekarun baya, da sunan da 'yan unguwa suka laƙaba wa cutar na kabari salamu alaikum, da gawar wani da aka yi wa wanka ana toshe hanci. Ko an faɗa masa albishir ɗin magani a ranar farko, ba ya shiga, domin kunnen da ya ji mugun labari a toshe yake. Sai an sake zama da shi bayan kwana biyu, an sake bayan mako, an bar shi ya yi tambayar da ya ji kunyar yi da farko. Wannan maimaitawar ita ce aikin mai ba da shawara, kuma babu ƙwayar da za ta yi ta a madadinsa.

Akwai wani abu game da Kano da ke ƙara wa lamarin nauyi. Babban binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da cutar, kimanin mutum miliyan 1.9 ke nan idan an haɗa kowa da kowa, kuma yankin Arewa maso Yamma shi ne mafi ƙaranci da kashi 0.6. Abin godiya ne. Amma ƙarancin nan yana nufin wanda ya kamu a nan ya fi kowa kaɗaici. Bai san kowa mai irin lalurarsa ba, ko da kuwa wanda yake sahu ɗaya da shi a masallaci yana shan maganin shekara goma. Kowa ya rufe, kowa yana zaton shi kaɗai ne a unguwarsu.

Rufin asirin nan aiki ne mai gajiyarwa. Mace ta ɓare takardar da ke jikin robar magani, ta juye ƙwayoyin a gwangwanin madara, ta tura ƙarƙashin kayan lefenta. Tana jiran kishiya ta shiga ɗaki kafin ta haɗiya. Ranar karɓar magani ta ce za ta dubiya, ta sa niƙabi, ta hau adaidaita sahu ta wuce asibitin da ke kusa da ita zuwa wani can ƙarshen gari, don kada ta haɗu da idon sani. Wani ɗan kasuwa daga Kwari ko Singa gara ya ɗauki hanyar Wudil ko Zariya da a gan shi a layin. Ranar da babu kuɗin mota, ko maigida ya hana fita, ko baƙi suka cika gida, sai a yi fashi. Daga fashin kwana biyu sai na mako. Ƙwayar cutar ta farfaɗo, wani lokacin ta saba da maganin har ya daina yi mata aiki, a koma na biyu wanda ya fi tsada da wuyar sha. A takardar asibiti za a rubuta cewa mutum ya daina zuwa. Abin da ba a rubutawa shi ne tsoro da kunya da suka hana shi.

Mata sun fi shan wannan wuya. Su ne ke zuwa awo, don haka su ake fara gwadawa, kuma a gidaje da yawa wanda aka fara ganin cutar a jikinsa shi ake ɗora wa laifin kawo ta. Matar da ta dawo daga awo da wannan labari tana lissafin saki, tana lissafin inda za ta kai 'ya'ya, tana lissafin abin da dangin miji za su ce. A gidan da ke da mata biyu ko uku, shirunta yana jefa abokan zamanta cikin haɗari, maganarta kuma tana iya fitar da ita daga gidan a daren. Ce mata kawai "ki faɗa wa mijinki" bai isa ba. Tana buƙatar wanda zai zauna da ita su tsara yadda za a yi: a gayyato mijin a gwada su tare kamar yau aka fara, a faɗa musu a gaban ma'aikacin da zai iya tare fushin farko, ya kuma bayyana cewa gwaji ba ya nuna wanda ya riga wani kamuwa. Maza su ma suna da nasu. Namiji ya gwammace ya yi ta shan maganin taifot da maleriya a kemis har sai tarin fuka ya kayar da shi, don girman kai da tsoron faɗuwar daraja a majalisa.

Akwai kuma yaran da aka haifa da cutar a farkon shekarun 2000, waɗanda magani ya raya, yanzu sun kai aure. Wasu sun girma suna shan ƙwaya kullum ana ce musu ta ƙarin jini ce. Yarinyar da ba ta taɓa sanin namiji ba, ta je gwajin aure a ce mata tana ɗauke da ƙanjamau, ta kuma gane a lokaci guda cewa mahaifiyarta da ta rasu ita ma shi ne ajalinta, kuma duk gidan sun sani ban da ita. Ina so mai karatu ya tsaya ya auna wannan. Idan babu wanda ya iya magana da zai karɓe ta a wannan sa'a, mun zalunce ta.

Likitoci sun daɗe da sanin cewa ciwon damuwa ya fi kama masu wannan cuta, kusan ninki biyu na sauran mutane, kuma mai ciwon damuwa ya fi saurin barin magani. A nan mutum ba zai shigo ya ce yana da ciwon damuwa ba. Zai ce barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya masa daɗi, kansa na zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, wani abu na yawo a jikinsa. Ta daina zuwa biki da suna, ta daina kitso. Ya daina fita kasuwa. Ma'aikacin da ba a koya masa jin wannan harshe ba zai rubuta maganin ciwon jiki ya sallame shi. Ba mutum ƙwaya alhali zuciyarsa ta yanke ƙauna kamar zuba ruwa ne a kwando.

Na san abin da wasu za su ce: mu Musulmi ne, muna da tawakkali, zaman faɗa wa baƙo damuwarka al'adar Turawa ce. Na yarda imani da ƙaddara babban jigo ne, kuma na ga mutanen da shi ya tsayar da su da ƙafafunsu. Amma baƙin ciki ba raunin imani ba ne. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiran ta. Rarrashi kuwa namu ne tun fil azal. Mu ne masu zaman makoki, mu ne masu dubiya da jaje, mu ne ke cika gidan wanda gobara ta yi wa ɓarna. Abin da ya bambanta wannan cuta shi ne ta toshe duk waɗannan ƙofofi. Mai ciwon suga ana zuwa masa sannu da kwanon abinci. Mai ƙanjamau ba ya iya faɗa, balle a zo. Mai ba da shawara a asibiti yana tsayawa ne a gurbin dangi da maƙwabta da tsangwama ta kora.

Malamanmu suna da babban rabo a nan, kuma wasunsu suna yi. Amma har yanzu akan ji wa'azin da ke haɗa cutar da zina kamar ba ta da wata hanya. Jariri da ya sha a nono fa? Matar da ba ta san kowa ba sai mijinta? Wanda aka ƙara wa jinin da ba a tantance ba, ko aka yi masa allura da sirinjin da aka yi wa wani? Shi ma wanda ya samu ta hanyar saɓo, ƙofar tuba a buɗe take, kuma Allah Ya hana bayinSa yanke ƙauna daga rahamarSa. Hadisi ingantacce ne cewa wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira. Mutumin da ya fito daga masallaci yana jin an yi huɗuba a kansa zai koma gida ya ƙara ƙulle bakinsa, kuma matarsa ce za ta biya.

Wanda aka bari shi kaɗai da tsoronsa kuma shi ne kasuwar 'yan damfara. Mun ga yadda Yahya Jammeh ya yi shelar yana warkar da cutar a Gambiya a 2007, aka raba mutane da maganinsu na asibiti. A Kano ma ba mu rasa masu lasifika a bakin kasuwa da masu talla a waya da ke alƙawarin wanke jini tas cikin makonni, da sharaɗin a ajiye ƙwayar asibiti. Mutum ya sayar da fili ko ɗan kunnen gwal, ya dawo bayan wata shida a kan gadon asibiti. Ba wauta ce ke kai su ba. Mai maganin yana ba su abin da suka rasa: ya zaunar da su, ya saurare su, ya ce kada su damu. Addu'a da tofi da habbatus sauda ba su hana shan ƙwaya, kuma ya kamata wanda ake ganin girmansa ya faɗa wa mara lafiya haka ƙarara.

Hujja ta biyu da wasu za su kawo ita ce babu kuɗi, babu ma'aikata. Gaskiya ne likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma sunan asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau kaɗai yana sa mutum ya ja da baya don gudun a ce ya haukace. Amma mafi yawan aikin ba ya buƙatar likita. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar ƙananan asibitoci, suna sauraron masu damuwa suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, a zama 6. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba, kuma da yawansu masu ƙanjamau ne. A arewacin Yuganda, Dakta Etheldreda Nakimuli-Mpungu ta gwada zaman rukuni, maza daban mata daban, ƙarƙashin ƙananan ma'aikatan lafiya na ƙauye, aka ga damuwa ta ragu kuma shan magani ya daidaita. Waɗannan ƙasashe ba su fi mu arziki ba.

Kano tana da mutanen da za su yi wannan. Akwai malaman Islamiyya mata da ake kai wa ƙarar aure kullum, akwai ungozomomi, akwai nas-nas da suka yi ritaya. Sama da kowa akwai masu cutar da suka daɗe suna shan magani, waɗanda ke haɗuwa a ƙungiyoyin taimakon juna ƙarƙashin NEPWHAN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu ɗauke da cutar a Najeriya. Babu kalmar likita da ta kai ƙarfin mace mai ƙiba da annuri ta zauna kusa da sabuwar da aka faɗa wa ta ce, "Ƙanwata, dube ni da kyau. Shekarata goma sha biyu ina sha, na yi aure, 'ya'yana uku duk lafiyarsu ƙalau." Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A irin waɗannan ƙungiyoyi mutane da dama sun samu abokan aure masu irin lalurarsu, wasu sun samu jari. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: horo na gaske a kan riƙe sirri, da sanin lokacin da abu ya fi ƙarfinsu. Wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko ya daina ci da sha, likita yake buƙata a ranar, ba gobe ba.

Matsalar ita ce ɗan alawus ɗin da ake ba irin waɗannan ma'aikata yawanci daga tallafin waje yake zuwa, musamman PEPFAR, shirin Amurka na yaƙi da ƙanjamau da aka kafa a 2003. Da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, Gwamnatin Tarayya ta yi hanzarin amincewa da Naira biliyan 4.8 don sayen magani, kuma ta kyauta. Amma duk lokacin da kuɗi suka yi ƙaranci, ƙwaya ake fara cetowa, mai zama da mara lafiya da mai bin sawun wanda ya daina zuwa su ake fara sallama, kamar aikinsu ƙawa ne. Ina ganin lokaci ya yi da Ma'aikatar Lafiya ta jiha da KSACA, hukumar yaƙi da ƙanjamau ta Jihar Kano, za su sa albashin masu ba da shawara a kasafin jiha, kuma duk wurin da aka amince ya yi gwajin aure a wajabta masa ɗaki mai ƙofa da mutum guda da aikinsa ke nan. Dokokin da za a jingina da su suna nan: ta hana nuna wa masu ƙanjamau wariya ta 2014, da ta lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023.

Yadda ake miƙa sakamakon ma yana buƙatar tsari. Mai jinin shi ya kamata ya fara ji, shi kaɗai. Wanda zai aura yana da haƙƙin sani, amma a gaban mai ba da shawara, tare da cikakken bayanin abin da magani ke iya yi, sannan su yanke hukunci da idonsu a buɗe. Liman da waliyyai shaidar an yi gwaji ta ishe su. Idan sakamako ya zama abin da ake karantawa a zaure gaban kawunnai, mutane za su koma sayen takardar bogi, dokar ta tashi a banza, cutar kuma ta shiga gidajen da aka so karewa.

Ga iyaye da 'yan'uwa, ranar da wani naku ya yi ƙarfin halin faɗa muku, ku haɗiye tambayar "a ina ka samo?" Ku tambaye shi ko ya fara shan magani, ku tambaye shi wa zai riƙa raka shi asibiti. Kada a ware masa kofi da cokali, cutar ba ta bin kwano ko musabaha ko buta. Sannan a daina barin gwajin aure sai an raba goro da katin biki. A tura yara tun magana tana tsakanin gida biyu, kafin kuɗin gaisuwa, kafin sa rana, kafin a kira kafinta. A lokacin, idan an fasa, mutane kaɗan ne za su tambayi dalili, idan kuma an ga za a ci gaba, akwai watannin da mai cutar zai fara magani a sake auna jininsa kafin a kai amarya.